Kunama da 'Yar'uwarta ta Bakin Teku

Duk wanda ya yi zama a ƙasar Bebeji ko Kiru, ko ya yi noma a Tudun Wada da Doguwa inda damina ta fi sauka da wuri kuma ta fi jimawa, ya san cewa da zarar ruwan fari ya jiƙa ƙasa, manoma suka fita sharar gona suna ɗaga duwatsu da kututture da tsohon kara, sai kunamu su yawaita a gonaki da gidaje, har iyaye su riƙa gargaɗin yara kada su sa takalmi sai sun kakkaɓe shi. Mu dai a lissafinmu kunama ƙwaro ce, ɗaya take da fara da kyankyaso da buzuzu. Magabata kuma daga malaman Musulunci da suka yi talifi a kan dabbobi, irin su Jahizu mutumin Basra mai Kitabul Hayawan, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, da Damiri mutumin Misira mai Hayatul Hayawan, wanda ya rasu a 808, sun yi dogon bayani a kan ɗabi'unta da dafinta da maganin harbinta, suna ɗaukar ta ɗaya daga cikin ƙananan halittu masu rarrafe a bayan ƙasa. Amma masu ilmin halittu na wannan zamani, bayan sun shafe fiye da shekara ɗari suna feɗe ta suna gwama gaɓoɓinta da na sauran halittu, sun zo da wata magana wadda kunne ba ya karɓarta da ji ɗaya, wato cewa kunama ta fi kusanci ta fuskar nasaba da wata dabba mai sulke da ke zaune a bakin tekun Amurka da na Asiya, wadda ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, fiye da kusancinta da farar da suke kwana a gona ɗaya. Wannan da'awa ce nake nufin in yi wa mai karatu sharhinta, in kawo hujjojin da aka gina ta a kansu, in kuma nuna inda masu ita suka yi ittifaƙi da inda har yanzu suke saɓani.

Da farko ya kamata a san cewa akwai wata babbar ƙabila ta halittu wadda ta fi kowace yawa a duniya, har kusan huɗu cikin biyar na nau'o'in dabbobin da aka sani daga cikinta suke. Ba su da ƙashi a ciki, sai ɓawo mai tauri a waje wanda tsoka ke manne da shi. Jikinsu gaɓa-gaɓa ne a jere, ƙafafunsu kuma suna da mahaɗai inda suke lanƙwasawa. Da yake ɓawon ba ya girma tare da mai shi, dole ne lokaci-lokaci dabbar ta tsage shi ta fita, ta yi saɓa, ta laɓe da taushin jiki har sabon ya ƙeƙashe. Sauro da ƙuda da zuma da gara, da shanshani da ƙadandoniya, da ƙaguwar da yara ke tonowa a gefen kogin Kano, da gizo-gizo da kaska, duk 'yan wannan ƙabila ne. Sai dai ta rabu gida biyu tun zamani mai nisa, kuma a kai ake gane ɗan kowane gida. Gida ɗaya suna da muƙamuƙai na tauna da waɗansu 'yan ƙahonni sirara a goshi da suke lalube da shinshina da su. A nan fara take, mai ƙafa 6 da ƙaho biyu, a nan kuma ƙaguwa take, mai ƙafa 10 in an haɗa da manyan hannuwanta, da ƙaho huɗu. Ɗaya gidan ba su da ƙaho, ba su da muƙamuƙi, sai 'yan hantsuka biyu a gaban baki da suke yagar abinci da su. Kunama da gizo-gizo da kaska na wannan gida ne, dabbar tekun da muke zance ita ma a nan aka same ta.

Wanda yake son ya tabbatar da wannan da idonsa, ya sami kunamar da aka kashe ba a murƙushe ta ba, ya yanke ƙarin da wuƙa ya binne shi, sa'an nan ya kwantar da ita rigingine a kan farar takarda inda akwai haske. Zai ga sashen gaba guntu ne, ɓawo ɗaya ya rufe shi ta sama, duk gaɓoɓin motsi kuma daga ƙarƙashinsa suka fito, biyu-biyu har sahu 6: sahu na fari su ne 'yan hantsukan baki, ƙanana ƙwarai har sai an zuba ido, na biyu manyan hannuwan nan masu damƙa, sauran huɗun ƙafafun tafiya ne, ƙafa 8 ke nan. Bayan wannan sai ciki mai gaɓa 7, sai wutsiya mai gaɓa 5, sai ƙullin dafi da ƙari a ƙarshe. A gindin ƙafafun baya akwai waɗansu abubuwa biyu masu haƙora a jere, waɗanda kunama ke shafar ƙasa da su tana ɗanɗanar sawun abinci da na jinsinta, kuma babu wata halitta da ke da irinsu sai ita. Ƙasa da su, in an duba da kyau, za a ga 'yan tsagogi 8, huɗu dama huɗu hagu, kowace tsaga ƙofa ce ta wani ɗan aljihu, a cikin aljihun kuwa akwai warƙoƙi sirara masu yawa, jini yana gudana a cikinsu iska tana ratsawa tsakaninsu. Da waɗannan take numfashi, masana kuma suna ce musu huhun littafi. Mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin hujjar da za ta zo. Tun da muna kanta, bari in ce maganar nan da ake yi, wai 'ya'yan kunama cinye uwarsu suke yi, ba haka abin yake ba: haihuwa take yi ba ƙwai ba, 'ya'yan su hau bayanta farare sol su zauna har su yi saɓar farko, sa'an nan su watse, ita kuma ta ci gaba da rayuwarta.

Ita kuwa dabbar tekun, wadda Turawa suka danganta da ƙaguwa, nau'i 4 kaɗai suka rage daga zuriyarta. Ɗaya yana gaɓar Amurka ta gabas, tun daga jihar Maine har zuwa Yukatan ta ƙasar Meziko, shi ne masana ke kira Limulus, kuma da wannan suna zan riƙa ambaton su duka don sauƙi. Sauran ukun suna Asiya, daga gaɓar Indiya ta gabas zuwa Indunusiya da Sin da Japan. In ka gan ta a kan yashi sai ka ce ƙwarya ce aka kife aka soka mata tsinke a baya. Mace ta fi namiji girma, takan kai santimita 60 har da wutsiya. Jikinta kashi uku ne: babban sulken gaba mai da'ira kamar kofaton doki, da ƙaramin sulke na baya mai ƙayoyi a gefe wanda ke naɗewa a mahaɗarsa da na gaba, da doguwar wutsiya mai tsini wadda ba ta da dafi ko kaɗan, amfaninta kawai in igiyar ruwa ta birkice dabbar ta dogara da ita ta juyo. In aka kife ta aka ƙidaya abin da ke ƙarƙashin sulken gaba, sai a tarar da 'yan hantsuka biyu a gaban baki, sa'an nan ƙafafu sahu 5, jimla sahu 6, daidai da na kunama. Babu ƙaho, babu muƙamuƙi. Bakinta a tsakiyar ƙafafun yake, gindin kowace ƙafa kuma yana da ƙayoyi, ta yadda da gindin ƙafafunta take niƙa tsutsa da ƙananan masu ƙwanso da take tonowa a laka kafin ta tura su baki. A ƙarƙashin sulken baya akwai faifai sahu 6 a jere, na farkon murfi ne mai ɗauke da ƙofofin haihuwa, sauran biyar ɗin kowanne yana ɗauke da warƙoƙi sirara fiye da ɗari, tana kaɗa su a cikin ruwa tana numfashi.

Wanda ya fara tsayar da wannan hujja filla-filla shi ne Ray Lankester, malamin ilmin dabbobi a Landan, a wata maƙala da ya buga a 1881, a lokacin da jamhurun masana suke lissafa Limulus cikin dangin ƙaguwa. Abin da ya yi shi ne ya jera ta da kunama gaɓa da gaɓa, tun daga goshi har wutsiya, ya nuna cewa abin da ke wuri kaza a jikin wannan yana da takwaransa a daidai wannan wuri a jikin waccan, ya kuma ce warƙoƙin da Limulus ke kaɗawa a ruwa su ne dai suka nutse cikin jiki suka zama huhun kunama, domin kada iska ta busar da su a tudu. Daga baya masu nazarin 'yan tayi suka ga cewa a cikin ɗan kunama da ɗan gizo-gizo, tun kafin ƙira ta cika, huhun yana tsirowa ne daga gindin waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle da suka faro kamar za su zama ƙafafu, a sashen jikin da Limulus ke da faifanta. Ƙarfin wannan ƙiyasi yana cikin tartibi, domin kama ɗaya tana iya zama dace, Bahaushe ma ya ce kama da wane ba ta wane, amma in kamanni da yawa suka zo a jere ɗaya, a wurare ɗaya, har a cikin abin da ke ɓoye, kamar wani farantin guringuntsi da ke tsakiyar ƙirjin su biyun da tsokoki ke ɗaure a jikinsa, to hankali ba ya yarda ya kira wannan dace. Akwai dai abin da wasu ke kawowa a matsayin dalili alhali ba dalili ba ne, wato launin jini. Gaskiya ne jinin Limulus shuɗi ne in ya sha iska, saboda jan ƙarfe ne ke ɗaukar iska a cikinsa a maimakon baƙin ƙarfen da ke cikin namu, na kunama ma haka yake. Amma ƙaguwa da dodon koɗi su ma irin wannan jini gare su, saboda haka ba ya rarrabe kowa da kowa.

Shaida ta biyu daga duwatsu ta zo. Inda laka da yashi suka kwanta hawa-hawa a ƙarƙashin ruwa suka taurare, sukan riƙe gurbin halittun da suka mutu a cikinsu, kuma na ƙasa ya riga na sama. Shekarun kuwa ana ƙididdige su ne ta hanyar ma'adinai irin su yuraniyam, wanda ake haƙa a Arlit ta Nijar, domin yana rikiɗewa ya zama dalma da wani ƙayyadadden sauri, in an auna abin da ya rage da abin da ya rikiɗe a cikin ƙwayar dutse sai a san tsawon zamanin. A 2008 aka bayyana wata 'yar dabba da aka haƙo a lardin Manitoba na Kanada, aka sa mata suna Lunataspis, tsawonta bai wuce 'yan santimita kaɗan ba, amma ga sulke mai da'ira ga wutsiya mai tsini, shekarunta kuma miliyan 445. A nan Afirka ma, a duwatsun Fezuwata kusa da Zagora ta ƙasar Maroko, an sami danginta da suka girme ta da kimanin shekara miliyan 30. A Solnhofen ta Jamus kuwa, cikin farar ƙasa mai shekara miliyan 150, an sami wata wadda da ƙyar ake bambanta ta da ta yau, har da sawun ƙafafunta a jere a kan dutsen, gawar tana kwance a inda sawun ya ƙare.

Mai karatu na Doguwa yana iya tambaya, shin me ya hana a sami irin wannan a duwatsunmu, alhali kuwa tun kafin zuwan Turawa ake haƙar kuza a Riruwai ana narka ta? Amsa ita ce duwatsun kudancin Kano ba na laka ba ne, na wuta ne. Falalen da ke shimfiɗe ƙarƙashin Kiru da Bebeji, waɗanda aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kansu aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tsofaffin duwatsu ne da zafi da matsi suka dafa wajen shekara miliyan 600 da suka wuce. Tsaunukan Riruwai kuma saiwar wani tsohon dutse ne mai aman wuta, wadda ta daskare wajen shekara miliyan 170 zuwa 180 da suka wuce, kuma narkakken dutse ba ya barin gurbin kowace gawa. Wannan yana nufin ranar da duwatsun Riruwai suke tafasa, zuriyar Limulus ta riga ta yi fiye da shekara miliyan 250 tana rarrafe a bakin teku. Wanda yake son ya ga burbushin halittun ruwa a ƙasar Hausa sai ya nufi Sakkwato, inda teku ta taɓa kwanciya wajen shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, ta bar ƙwanso da ƙasusuwan kifi da na kada a Dange da Wurno, ta kuma bar farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita.

A waɗancan tsofaffin tekuna Limulus ba ita kaɗai ba ce. Akwai wasu da ake kira kunamun teku, 'yan gidansu ne na kusa, waɗanda a cikinsu aka sami ɗaya daga cikin mafiya girman abubuwan da wannan ƙabila ta taɓa fitarwa: a 2007 aka bayyana wani hantsaki guda da aka haƙo a Jamus mai tsawon santimita 46, aka ƙiyasta mai shi ya kai mita biyu da rabi. Akwai kuma masu jiki kashi uku da ake kira tirilobait, waɗanda suka cika teku tun shekara miliyan 520 da suka wuce, burbushinsu ya yi yawa a Maroko har ana sayar da shi ga baƙi a kasuwannin Alnif da Erfud. Ɗan Limulus in ya ƙyanƙyashe yana kama da su ƙwarai, shi ya sa aka daɗe ana zaton daga gare su ta fito, amma yanzu ba a tsaya a kan wannan ba. Dukan jama'ar nan biyu sun ƙare shekara miliyan 252 da suka wuce, a wata babbar halaka da ake dangantawa da aman wutar Saberiya, wadda ta shafe takwas ko tara cikin goma na nau'o'in teku. Limulus ta tsira, kunama ma ta tsira, wadda mafi tsufan gurbinta da aka tabbatar yana Sikotlan, shekarunsa sun haura miliyan 430.

Saboda wannan doguwar rayuwa ne jaridu ke son cewa Limulus ba ta sauya ba tun farko, irin maganar da ake yi a kan gaiwa mai binne kanta a cikin busasshiyar laka. A ganina wannan wuce gona da iri ne. Fasali ne ya dawwama, amma nau'o'in da ke raye yau ba su ne na cikin duwatsun ba. Waɗansu na farko bayan jikinsu gaɓa-gaɓa ne masu motsi, daga baya gaɓoɓin suka haɗe suka zama sulke ɗaya; waɗansu sun shiga ruwan daɗi suka zauna a fadamun da suka zama kwal; wata da aka samu a Ostireliya tana da ƙayoyi biyu dogaye a gefen kai, miƙe dama da hagu. Da aka karanta ƙwayoyin gadonta kuma sai aka ga sun ninku gaba ɗaya har sau uku a tarihinta. Abin da ya fi kusa da tahakiki shi ne zuriya ce da ta gwada siffofi da yawa, mafi yawansu suka shuɗe, aka bar wadda ta dace da laka da yashin bakin teku, mazaunin da bai taɓa gushewa daga duniya ba.

To, ina saɓanin yake? Babu mai jayayya yau cewa Limulus 'yar gidan su kunama ce. Mas'alar ita ce wane wuri take zaune a cikin gidan. Tsohon ra'ayi shi ne ita da kunamun teku suna gefe, su kuma mazauna tudu, kunama da gizo-gizo da kaska da sauransu, duk kaka ɗaya gare su wanda ya fito daga ruwa sau ɗaya. Sai a 2019 malamai biyu na Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, Jesus Ballesteros da Prashant Sharma, suka gwama ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa suka ce Limulus a tsakiyar mazauna tudun take, mafi kusa da ita kuma waɗansu 'yan halittu ne makafi masu murfi a baki, da ke zaune cikin ruɓaɓɓen ganye a dazuzzukan Afirka ta Yamma da na Amurka masu zafi. In haka ne, ɗayan biyu: ko dai kakanninta sun hau tudu suka koma ruwa, ko kuwa 'yan gidan sun hau tudu ba sau ɗaya ba. A 2019 ɗin dai wasu malamai na Jami'ar Biristol ta Ingila suka yi nasu lissafin suka ce tsohon ra'ayi yana nan daram. Dalilin wahalar shi ne rassan gidan sun rabu cikin ɗan gajeren zamani, kusan shekara miliyan 500 da suka wuce, ga kuma kaska da danginta waɗanda ƙwayoyin gadonsu ke sauyawa da gaggawa har suna ruɗa lissafi. Ni dai na fi karkata ga tsohon ra'ayin, domin Limulus tana da manyan idanu masu rukuni irin na tsofaffin mazauna teku, tana zuba ƙwai a yashi namiji ya barbare shi a waje, kuma duwatsu ba su nuna wata kakarta mai alamar zaman tudu ba. Amma karkata ce, ba yaƙini ba. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne gizo-gizo ya fi Limulus kusa da kunama, domin huhunsu iri ɗaya ne, kuma sun yi tarayya a wata ninkuwar ƙwayoyin gado da sauran ba su da ita.

Na san akwai wanda zuciyarsa ba ta natsuwa da duk wani zance na rikiɗar halittu. Abin da zan ce masa shi ne sha'anin halittar Annabi Adamu, alaihissalamu, babinsa daban ne, ba shi muke taɓawa a nan ba. Zancenmu a kan ƙananan halittu ne da abin da aka gani a jikinsu da cikin duwatsu. A surar nan ma da aka sa wa sunan gizo-gizo, Suratul Ankabut, akwai umarni da yin tafiya a bayan ƙasa domin nazarin mafarin halitta, kuma Ibni Haldun a Muƙaddimarsa ya yi magana a kan yadda halittu suke daraja-daraja, ƙarshen kowace tana haɗe da farkon ta gaba da ita. Sanin sababi bai kore Mai sabbabawa ba, a nan kuwa ba mu da saɓani da kowa.

Daga cikin 'yan wannan gida, wadda ta fi ci mana dukiya ita ce kaska, ba kunama ba, kuma makiyayan da ke kiwo a gefen dajin Falgore sun fi kowa sanin haka. Jikinta ya dunƙule ya zama jaka ɗaya, hantsukan bakinta sun zama abin huda fata, tana ƙyanƙyashewa da ƙafa 6, sai ta yi saɓa ta cika 8. Babbar nan mai zane a baya wadda ke yawaita da damina ita ce ake dangantawa da tsanantar kirci a jikin shanu. Ƙwayar da ke haƙa rami a fatar mutum ta jawo ƙazuwa ita ma 'yar'uwar kaska ce, ido da ƙyar yake ganinta. Game da dafin kunama kuwa, duwu mai manyan hannuwa ya fi ban tsoro amma harbinsa da sauƙi, masu siraran hannuwa da kaurin wutsiya su ne abin shakka, irin waɗanda ke kashe yara a yankin Agadas.

Limulus kuma, duk da nisanta, tana da hannu a lafiyarmu. Da idonta wani malami, Keffer Hartline, ya yi binciken da ya nuna yadda jijiyoyin gani ke danne maƙwabtansu domin gefen abu ya fito sarai, aka ba shi kyautar Nobel a 1967. Wani likita kuma, Frederik Bang, ya lura a 1956 cewa jininta yana daskarewa in ƙwayoyin cuta suka shige shi, daga baya shi da Jack Levin suka gano cewa wata guba ce da ke jikin ɓawon ƙwayoyin take jawo haka, guba wadda tafasawa ba ta kashe ta, wadda in ta shiga jinin mutum ta hanyar allura takan kawo zazzaɓi mai zafi har ma ajali. Da can zomaye ake yi wa allura a jira a ga ko jikinsu zai yi zafi. Tun 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwaji da ruwan jinin Limulus, har ya zama ruwan da ake ƙara wa mara lafiya a asibitin Tudun Wada, da allurar rigakafin da ake yi wa jarirai a Kiru, galibi irin wannan gwaji ake yi musu kafin su bar masana'anta. Sai dai dabbar ba ta balaga sai ta yi wajen shekara 10, kuma lokacin da take fitowa yin ƙwai, a watannin Mayu da Yuni in wata ya cika ko ya ɓuya teku ta yi toroƙo, shi ne lokacin da ta fi sauƙin kamu. A Amurka dubban ɗaruruwa ake kamawa kowace shekara a zuƙi jininsu a mayar da su ruwa, wani kaso ya mutu. A Asiya kuwa ga ci ga cike bakin teku ana gine-gine, har a 2019 aka sa nau'in Sin da Japan cikin masu fuskantar ƙarewa. Wata malama a Jami'ar Singafo, Ding Jeak Ling, ta haɗa madadin wannan ruwa a ɗakin bincike ba tare da an taɓa dabbar ba, Turai kuma ta shigar da shi cikin ƙa'idojin magungunanta tun 2021, saboda haka uzurin masu ci gaba da zuƙar jinin yana raguwa.

Kirana yana ga malaman kimiyya na makarantun sakandare a ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda sau da yawa suke kuka da rashin kayan gwaji. Wannan babi ba ya bukatar kayan da za a sayo daga waje: fara ɗaya, ƙaguwa ɗaya daga bakin Tiga, kunama ɗaya matacciya da aka cire wa ƙari, da hoton Limulus ta ciki, sun isa ɗalibi ya ƙidaya ƙafafu da ƙahonni ya raba gidajen biyu da kansa. Kada dai a aiki yara kamun mai rai, in kuma ta harbi ƙaramin yaro ya fara gumi ko amai, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Abin da aka tara a ajiye shi a kwalba cikin sifirit, a rubuta rana da sunan garin da aka samo shi a 'yar takarda a jefa ciki, amma da fensir za a rubuta, domin tawada narkewa take yi a cikin sifirit.